Lokacin da Dusar Ƙanƙara Ta Fara Shan Ruwa: Hatsarin Zaftarewa a Ƙarshen Hunturu

A ƙasashen da ke da manyan tsaunuka masu dusar ƙanƙara, irin su Suwizalan da Ostiriya da Faransa da Kanada da yammacin Amurka, akwai wani lokaci na shekara da masu hawan dutse da masu zamiya a kan dusa suke ɗokinsa fiye da kowane lokaci, wato daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, sa'ad da hunturu ke tattara komatsansa, yini ke ƙara tsawo, guguwa kuma ke ja da baya. A cikin kwari ciyawa ta fara tsirowa, amma a can sama dusar da ta yi wata biyar ko shida tana taruwa tana nan jibge, a wurare da yawa ma a wannan lokacin ne kaurinta yake kai matuƙa. Mutane sukan bar filayen zamiya da kamfanoni ke kula da su, inda ma'aikata ke tayar da nakiya da sassafe domin su zubar da dusar da ke barazanar zaftarewa, su kutsa cikin tsaunukan da babu mai gyara su kuma babu mai gadinsu. Malaman wannan fanni suna da wata magana da suke koya wa ɗalibai, cewa a tsakiyar hunturu tambayar ita ce a wane gangare hatsarin yake, amma idan ɗumi ya shigo tambayar takan koma a wane lokaci na yini. Maganar gaskiya ce, sai dai tana da sharaɗi, kuma a ganina rashin kula da wannan sharaɗin ne yake cin mutanen da suka fi kowa sanin dutse.

Kafin a kai ga sharaɗin, dole a fahimci cewa dusar da ke kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace guguwa tana ajiye tata shimfiɗar, iska tana kwashe ta daga wannan gefen tana jibgewa a wancan, kowane mako na tsananin sanyi ko na rana yana barin alamarsa, har wanda ya haƙa rami ya kai ƙasa zai iya karanta labarin hunturun tun daga farkonsa a jikin bangon ramin. Zaftarewar da ta fi kisa ita ce wadda za a iya kira ta allo, wato shimfiɗa mai ƙwari wadda ƙwayoyinta suka kama juna, zaune a kan wata shimfiɗa mai rauni. Idan mai raunin ta rufta a wuri ɗaya, karayar tana iya gudu a ƙarƙashin allon ta ratsa ɗaruruwan mitoci cikin 'yan daƙiƙu, sai dukan gangaren ya ɓalle lokaci guda. Galibin irin wannan yana faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, kuma wannan shi ne ainihin gangaren da masu zamiya suka fi so. A kusan tara cikin goma na haɗurran da ke kashe masu yawon tsaunuka, wanda abin ya ci ko wani daga cikin abokan tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar da nauyinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Shimfiɗar da ta fi daɗewa tana cutarwa tun farkon hunturu take samuwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa tana zama kusa da digiri sifili a ma'aunin Salshiyos duk tsawon lokacin sanyi, domin dusar kanta bargo ce, alhali iskar da ke sama tana iya sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. Idan dusar farko ta Oktoba ko Nuwamba ba ta yi kauri ba, wannan bambancin zafi yakan matsu a cikin 'yan santimitoci kaɗan, sai tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗan ɗumi yana daskarewa a jikin waɗanda ke samansu. Bambancin da ya kai digiri 10 a kowace mita ɗaya ta kauri ya isa ya mayar da ƙwayoyin manya, masu kusurwa, waɗanda ba sa riƙe juna. Masu aikin suna kiranta dusar sukari, saboda in an damƙe ta ba ta dunƙulewa, ta tsakanin yatsu take zubewa. Daga nan guguwar Disamba da Janairu da Fabrairu su zo su binne ta. Yankunan da ke nesa da teku, masu bushewa da tsananin sanyi, kamar jihar Kolorado ta Amurka da kwaruruwan tsakiyar tsaunukan Alps na Turai, su suka fi fama da ita. Da zarar ta yi zurfi, nauyin mutum ba ya kai mata a mafi yawan wurare, don haka sai a yi makonni ana zamiya a kanta babu abin da ya faru, sawun mutane ya cika gangaren, kowa ya saki jiki. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi, domin a inda allon ya yi siriri, kusa da wani dutse da ya leƙo ko a gefen gangare, taku ɗaya yana iya kai mata.

Abin da ya faru a Sheep Creek, kusa da mashigar Loveland a Kolorado, ranar 20 ga Afrilun 2013, shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. Mutum shida, mafi yawansu masu gogewa, ɗauke da kayan ceto, suna halartar wani taro da aka shirya domin tara wa cibiyar hasashen zaftarewa ta jihar kuɗi, suka ratsa ta ƙasan wani gangare da ke fuskantar arewa. Afrilun wannan shekarar ya zo da dusa mai yawa da iska, nauyin kuma ya sauka a kan tsohuwar dusar sukari ta farkon hunturu. Ba a kan gangaren mai tsayi suke ba, a ƙasansa suke, amma karayar ta tashi daga inda suka taka ta hau sama, allo mai faɗin fiye da mita 200 ya sauko ya tura su cikin kwazazzabo. Biyar suka rasu, aka tono ɗaya da rai bayan kimanin awa huɗu. Kwana biyu kafin nan irin wannan zaftarewar ta kashe wani mutum kusa da mashigar Vail, ba da nisa sosai ba. Kalanda ta ce hunturu ya ƙare tun wata guda da ya wuce, amma a wannan gefen dutsen dusar ba ta ko fara jiƙa ba, kuma sammako bai da abin da zai hana a irin wannan yanayi.

Sannan sai ruwa ya shigo, lissafin ya sake. Ƙarfin dusa yana cikin wasu 'yan ƙananan gadoji na ƙanƙara da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. Kafin narkewa ta yi nisa, sai dukan kaurin dusar ya yi ɗumi ya kai digiri sifili daga sama har ƙasa, abin da kan ɗauki makonni, domin ruwan da ya fara sauka yakan tarar da dusa mai sanyi ya sake daskarewa, yana sakin zafinsa a can ciki. Ruwan kuma ba ya sauka bai ɗaya kamar yadda mutum zai zata. Yana bin wasu 'yan hanyoyi kamar yatsu, ya tsaya ya taru a kan duk wani tsohon ɓawon ƙanƙara, ko a inda ƙananan ƙwayoyi suke zaune a kan manya, ya bi gangaren a kwance yana cin gadojin nan. Ranar da ruwa ya fara isa tsohuwar shimfiɗar sukari ita ce ranar da masu hasashe suka fi tsoro, domin shimfiɗar da ta yi wata huɗu tana barci takan farka, sai jiƙaƙƙen allo ya ɓalle tun daga ƙasa, ya kwashe dukan dusar hunturun ya bar ƙasa tsirara. Irin wannan yakan zo ne bayan kwana biyu ko uku na ɗumi a jere waɗanda dare bai daskarar da komai ba, kuma yana cikin mafiya wuyar hasashe, har nakiya ma ba ta cika yi masa tasiri ba, saboda jiƙaƙƙiyar dusa tana shanye ƙarfin fashewa. Ranar 20 ga Mayun 2005 jiƙaƙƙen allo ya kashe wani mai zamiya a cikin filin Arapahoe Basin na Kolorado, a gangaren da aka buɗe wa jama'a, wanda dubban mutane suka tattake duk tsawon hunturu.

Wadda aka fi gani yau da kullum ita ce jiƙaƙƙiyar zaftarewa maras allo. Daga wuri ɗaya take farawa, sau da yawa a gindin baƙin dutse ko itace da ya sha rana ya ɗumama dusar da ke kewaye da shi, tana sauka tana buɗewa tana kwasar abin da ke gabanta. Tana ba da sanarwa kafin ta zo: ƙananan dunƙulen dusa suna gangarowa suna naɗewa kamar taya, ƙafa tana nutsewa har ta wuce idon sawu, dusar da aka matse a hannu tana ɗigar da ruwa. Ba ta da gudun busasshiyar zaftarewa, wadda kan wuce kilomita 100 a awa, shi ya sa ake raina ta, alhali nauyinta ya isa ya ture mutum daga kan tsauni ko ya danna shi cikin kwazazzabo.

A nan ne maganar lokaci take da ƙarfi. Idan yanayi ya daidaita, yini yana narkar da saman dusa, dare yana daskarar da shi, sai a wayi gari da ɓawo mai tauri wanda zai ɗauki mutum ba tare da ya fashe ba. Muddin wannan ɓawon yana da kauri kuma yana daskare, gangaren yana kulle. Da hantsi santimita biyu ko uku na sama sukan yi laushi a kan ƙasa mai tauri, wannan ita ce dusar da masu zamiya ke kira ta masara saboda girman ƙwayoyinta, kuma ita suke bi tun daga nesa. Lokacinta bai da tsawo, wani lokaci awa ɗaya ne ko biyu a gangare guda, bayan haka ɓawon ya narke gaba ɗaya, gangaren da ya kasance amintacce da ƙarfe takwas ya zama abin gudu da ƙarfe sha ɗaya. Rana kuma tana zagaya dutsen da tsari. A arewacin duniya gangaren da ke fuskantar gabas shi ke fara laushi, sai na kudu, sai na yamma bayan azahar, na arewa kuwa shi ne na ƙarshe, a yini da kuma a shekara. A kudancin duniya, a tsaunukan Andes ko na Niyu Zilan, inda wannan lokaci yake faɗowa daga Satumba zuwa Nuwamba, gangaren arewa ne mai shan rana. Tsayi ma yana da nasa hukunci, tun da iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Saboda haka ne masu bin doguwar hanyar nan ta tsaunuka daga Chamonix ta Faransa zuwa Zermatt ta Suwizalan suke barin masauki tun kafin asuba da fitila a goshi, kuma saboda haka ne cibiyar binciken dusa da zaftarewa ta garin Davos a Suwizalan, wadda ta fara aiki a 1936, take fitar da taswira biyu a rana ɗaya a wannan lokaci, ɗaya ta busasshiyar dusa da safe, ɗaya ta jiƙaƙƙiya da ke ƙaruwa yayin da yini ke tafiya.

Amma duk wannan tsarin ya dogara ne ga daren da ya gabata, kuma a nan mutane da yawa suke kuskuren dogara ga ma'aunin zafi kaɗai. Dusa tana rasa zafinta da dare ta hanyar sakinsa kai tsaye zuwa sararin sama. Idan sama ta yi tangaran, iska kuma busasshiya ce, saman dusa yana iya daskarewa sosai ko da ma'auni ya nuna digiri biyu ko uku sama da sifili. Idan kuwa gajimare ya rufe, yakan mayar da zafin ƙasa kamar murfi, sai a wayi gari da ɗan siririn ɓawo a kan dusa mai taɓo ko da ma'auni ya taɓa sifili. Irin wannan ɓawon mayaudari ne, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa da asuba kamar na gaske, minti talatin bayan fitowar rana ya tafi. Hanyar ganewa ba ta buƙatar na'ura: mutum ya cire katakon zamiyarsa ya taka da takalmi, ko ya soka sanda da ƙarfi, in ta fasa ta nutse cikin ruwa-ruwa, to an makara tun kafin a fara. Siririn gajimare da rana ma ya fi rana tsantsa ɓarna a wasu lokuta, domin yana barin haske ya shigo ya hana zafi fita, har gangaren arewa da ake zaton yana inuwa ya jiƙa. Akwai kuma launin dusar. Sabuwa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana, tsohuwa jiƙaƙƙiya kuwa abin da take mayarwa bai fi rabi da 'yan kai ba. Idan ƙura ta sauka a kanta, kamar ƙurar Sahara da iska ke ɗauka ta tsallaka Bahar Rum ta rina tsaunukan Alps ja-ja, ko ƙurar hamadar kudu maso yammacin Amurka da ke sauka a tsaunukan San Juan na Kolorado, narkewar takan ƙara sauri ƙwarai.

Ruwan sama a kan dusa shi ne ke rushe dukan jadawalin, domin bai san dare ba, bai san gabas ko arewa ba, yana ƙara nauyi yana kuma cin gadojin ƙanƙara a kowane gangare a lokaci guda. Zaftarewar da ta fi kowace kisa a tarihin Amurka ta wannan hanyar ta zo. A ƙarshen Fabrairun 1910 dusa ta yi kwanaki tana zuba a tsaunukan Cascade na jihar Washington, ta tsare jiragen ƙasa biyu na kamfanin Great Northern a tashar Wellington. Sai yanayi ya juya zuwa ɗumi da ruwa da tsawa, kuma da tsakar daren 1 ga Maris gangaren da ke saman tashar, wanda gobara ta riga ta cinye itatuwansa, ya sauko ya jefa jiragen cikin kwari, mutum 96 suka mutu.

Ta ɗaya gefen kuma, hunturu yakan dawo ba sallama. Guguwar Afrilu tana iya ajiye rabin mita na busasshiyar dusa a dare ɗaya, a kan ɓawo mai santsi kamar gilashi, iska kuma ta matse ta ta zama allo a bayan kowane doron dutse. Ranar 27 ga Maris ɗin 2017, a Nasu da ke lardin Tochigi na Japan, ɗaliban sakandare bakwai da malami ɗaya sun rasu a lokacin wani horon hawan dutse, bayan sabuwar dusa ta zuba cikin dare. Wani abin lura shi ne, sabuwar dusa a wannan lokaci tana da hatsari iri biyu a jere. Da farko tana ɓallewa a matsayin busasshen allo, sannan da zarar rana mai ƙarfi ta Afrilu ko Mayu ta taɓa ta a karon farko, cikin 'yan mintoci takan fara zubowa a jiƙe daga kowane gangare mai tsayi. Safiyar da ta fi kyau a ido, wato sama garau bayan guguwa, ita ce safiyar da hatsarin biyu suke haɗuwa. Sauƙin abin shi ne ɗumi yana sa sabuwar dusa ta zauna ta kama ta ƙasanta da wuri, don haka haƙurin kwana biyu yakan wadatar a inda a Janairu sai an yi mako.

Akwai abubuwa biyu da agogo bai cika iko da su ba. Na farko shi ne leɓen dusa da iska ke ginawa a bakin doron dutse, yana leƙawa a kan sarari, wanda a ƙarshen hunturu yake kai matuƙar girmansa, wani ma ya kai girman babbar mota. Ɗumi yana sa shi sunkuyawa a hankali har ya karye, kuma yakan karye ne can baya, a inda mai tafiya a kan doron yake zaton ƙasa ce a ƙarƙashinsa. Faɗuwarsa a kan gangare ta fi nauyin mutum sau ɗaruruwa, don haka tana iya tayar da zurfafan shimfiɗun da babu mai zamiyar da zai iya kai musu. Na biyu shi ne zamewar dukan dusar a kan ƙasa mai santsi, kamar doguwar ciyawa da ta kwanta ko shimfiɗaɗɗen dutse, idan ruwa ya taru a tsakaninsu. Alamarta wata tsaga ce mai lanƙwasa da ke buɗewa har a ga baƙar ƙasa, wadda masu jin Jamusanci a Alps suke kira bakin kifi. Tsagar tana iya yin mako uku tana buɗewa ba ta sauko ba, tana iya saukowa bayan awa ɗaya, da rana ko da tsakar dare mai sanyi, kuma ba nauyin mutum ne ke tayar da ita ba. Ba a san wata dabara game da ita ba illa a rage zama a ƙarƙashinta. Ma'aikatan da ke share hanyar Going-to-the-Sun a gandun Glacier na jihar Montana duk shekara daga Afrilu suna aiki ne tare da masu hasashe na musamman saboda irin waɗannan.

Dalilin da ya sa duk wannan yake da nauyi shi ne abin da jiƙaƙƙiyar dusa take yi wa jikin mutum. Mita ɗaya ta kowane gefe ta sabuwar dusa ba ta cika wuce kilo 100 ba, amma tarin jiƙaƙƙiyar zaftarewa yana kai kilo 500 ko fiye, kuma da zarar ya tsaya yakan daskare kamar kankare. Alƙaluman Suwizalan da aka daɗe ana dogara da su sun nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda dusa ta binne gaba ɗaya suna rayuwa idan an tono su cikin minti 15, amma bayan minti 35 abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, mafi yawa saboda shaƙewa. Wani nazari da aka yi a Kanada ya gano cewa a yankunan da dusarsu ta fi nauyi da laima lokacin ya fi haka gajarta. Ma'anar wannan ita ce jirgin ceto mai saukar ungulu yakan iso a makare, abokan tafiya ne kaɗai masu ceto na gaskiya, da na'urar nema da kowa ke ɗaurawa a jiki, da doguwar sandar soke, da shebur. Tono mutumin da ke zurfin mita ɗaya yana nufin kwashe dusar da ta kai tan ɗaya ko fiye. Jiƙaƙƙiyar zaftarewa kuma tana bin kwazazzabai kamar ambaliya, takan sauko har cikin kwarin da ya riga ya yi kore, ta tarar da masu yawo da ƙafa waɗanda ba su ɗauki kayan ceto ba domin a iya ganinsu babu dusa a hanyarsu. Hanyar komawa mota da la'asar, wadda ke ratsa ƙasan gangarorin da suka wuni suna shan rana, sau da yawa ta fi ƙololuwar da aka hau da safe hatsari.

Sai batun mutum kansa. Ƙasashen Turai sun amince da ma'aunin hatsari mai matakai biyar a 1993, Amurka da Kanada ma suna da makamancinsa, kuma abin da ke ba baƙo mamaki shi ne mafi yawan mace-mace suna faruwa ne a mataki na uku da na biyu, domin a na huɗu da na biyar mutane suna zama a gida. A ƙarshen hunturu lamba ɗaya ba ta iya ɗaukar yinin da ya fara a mataki na ɗaya ya ƙare a na uku. Ƙari a kan haka, cibiyoyi da yawa a Amurka suna daina fitar da hasashen kullum a tsakiyar Afrilu, filayen zamiya suna rufewa su daina tayar da nakiya, masu aiko da rahoto daga dutse suna raguwa, daidai lokacin da mutane suke shiga wurare mafi tsayi da nisa. Mai bincike Ian McCammon, wanda ya bi diddigin ɗaruruwan haɗurra a Amurka a farkon shekarun 2000, ya nuna yadda sabo da wuri, da nacin cika abin da aka ƙudura, da sakin jiki ga wanda ake gani gwani, da ganin wasu mutane a gaba suke sa masu ilimi su tsallake alamun da suka gani da idonsu. Wannan lokaci na shekara yana ƙara wa kowanne daga cikinsu ƙarfi, tun da an yi hunturu guda ana jiran wannan ƙololuwar, an tashi ƙarfe uku na dare, saura mita 200, kuma rana tana da daɗi a jiki. Abin ba sabo ba ne. Ranar 3 ga Afrilun 1898, a mashigar Chilkoot ta Alaska, bayan dusa mai yawa da iska mai ɗumi, 'yan asalin yankin da ke dako a hanyar sun ƙi hawa, masu neman zinariyar yankin Klondike na Kanada kuwa suka ci gaba, zaftarewa ta kashe fiye da mutum 60. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya riga ya yi rabin hanya ba ya son jin wannan, shi ya sa ƙwararrun jagorori suke yanke lokacin juyawa tun daren jiya, kafin ƙololuwa ta shiga ido.

Sharaɗin da aka ambata a farko ke nan. Dokar sammako tana aiki ne a kan dusar da ta riga ta nuna, wato wadda ruwa ya ratsa ta har ƙasa sau da yawa, ya buɗe wa kansa hanyoyin fita, tsofaffin shimfiɗu suka narke suka koma manyan ƙwayoyi masu zagaye iri ɗaya. Irin wannan dusar tana shan ruwan yini ta zubar da shi ta ƙasa ba tare da ya taru ba, kuma a kanta ne hatsari yake sauka ƙwarai, har ya zama faɗuwa a kan ɓawo mai tauri da ruftawar gadar dusa a kan rafi su ne abin damuwa. Sai dai dutse ba ya nuna gaba ɗaya. Gangaren kudu a tsayin mita 2,000 yana iya kai wannan matsayi a ƙarshen Maris, alhali gangaren arewa a tsayin mita 3,500 a kan dutse guda yana riƙe da busasshen allo a kan dusar sukari, kuma ruwa ba zai fara isa gare ta ba sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Mai tafiyar yini ɗaya yana iya ratsa duka biyun, da abin da ke tsakaninsu, kafin azahar, kuma a duk inda ya sauya fuska ko tsayi sai ya sake soka sandarsa ya ji ko ɓawon yana ɗauka, ko ƙarƙashinsa busasshe ne, ko ruwa ya riga ya sauka.